Kirarin da Aka Binne da Kaka

Vuyani ba ya iya zama wuri guda sai yatsansa na shafar waya. Ko abinci yake ci, idonsa na kan gajerun bidiyoyi, kafin wannan ya ƙare ya tsallaka wancan. In aka yi masa tambaya kuwa, sai ya miƙa wa manhajar AI ta yi masa tunanin.

A gidansu da ke garin Mthatha, kakansa Mzoxolo kaɗai ya rage wanda ya haddace kirarin zuriyarsu.

"Zauna, jikana, in zuba maka shi a ka," in ji tsohon.

"Haba Kaka, ya yi tsawo! Taƙaita mini, ko in naɗe ka a waya."

"Ni? Ba zan yanka kakannina gunduwa-gunduwa don ka haɗiye kamar ƙwayar magani ba. In ba ka da kunne, na tafi da abina."

Ya kuwa tafi da abinsa. Damina ba ta fita ba aka binne shi.

Da Lunga, ƙanin Vuyani, ya tashi neman auren Nomvuyo, Vuyani ne babba, shi aka sa gaba. Ya san a al'adarsu ba a buɗe wa masu neman aure ƙofa sai sun tsaya a waje sun faɗi ko su wane ne da kirarin gidansu. Ko a jikinsa. A cikin mota ya tambayi manhajar, ta zubo masa kirari mai daɗi kamar gaske.

A bakin ƙofa ya ɗaga murya yana karantawa, har da ɗaga kafaɗa. Bai kai rabi ba baffan yarinyar ya ɗaga sandarsa.

"Dakata, yaro. Wannan ai kirarin gidanmu ne ka cakuɗa da na wasu. In naku ne, jininmu ɗaya, a al'adarmu kuwa babu aure tsakanin 'yan zuriya ɗaya. In ba naku ba ne, to ba ku san ko ku su wane ne ba. Wanne ka zaɓa?"

Vuyani ya fara kame-kame. "Baba, wayar ce ta..."

"To wayar ta zo ta nemi auren! 'Yarmu ba ta shiga gidan da jika ya kasa zama ya saurari kakansa."

Aka bar su tsaye a rana har suka gaji suka juya. Lunga ya yi kuka kamar ransa zai fita, tun daga ranar bai ƙara kallon idon yayansa ba.

Vuyani ya je kabarin kakansa ya zauna tun hantsi har la'asar, waya a kashe. Ranar ya sami haƙurin zama, amma mai maganar ya yi shiru.

Jama'a, kada mu yarda waya ta ƙwace mana kunne da hankali. Na'ura ba ta san kakanka ba, kuma ba ta jin kunyar yi maka ƙarya. Ka zauna ka saurari mai ba ka tun yana da bakin magana.