Farin Hankicin Kuwabara

Ƙofar ban-ɗakin kasuwa ba ta gama rufuwa a bayan matashi Aramaki ba, tsoho Kuwabara ya ajiye shinkafar da ke hannunsa ya bi shi.

Ba yau aka fara ba. Tun da yaron nan ya kama rumfar da ke kallon tasa ya soma suyar kaji, layin da ya saba tsayawa gaban Kuwabara ya ƙaura tsallake. Mutumin da ya tsufa yana dunƙula shinkafa da tafin hannunsa, gishiri daidai, ɗan kifi a tsakiya, wai yau shi ke zaune yana kallon ƙeyar masu saye. Ya tsani rinannen gashin yaron. Ya tsani dariyarsa. Har rusunawar da yake masa da safe ya tsana, don a ganinsa raini ce aka sa wa riga.

Mai neman laifi ba ya rasawa, shi kuwa a ban-ɗaki ya samo nasa. Ya shiga ɗakin da ke maƙwabtaka da na yaron, ya biya tasa buƙatar, kunne a tashe. Ya ji an saki ruwa, ya ji ƙofa, ya ji takun takalmi ya wuce famfo ba tare da ya tsaya ba. Ko ɗigo. Kuwabara ya ja wando ya fito da sauri don ya gane wa idonsa inda hannayen nan za su sauka. Aramaki ya shige bayan labulen rumfarsa, jim kaɗan ya fito yana juya kaji yana washe baki.

"Ƙazami ɗan ƙazama," in ji Kuwabara ƙasa-ƙasa. Ya tsoma yatsu a kwanon ruwan gishiri, ya damƙi shinkafa ya matse kamar wuyan yaron ya samu.

Daga nan abin ya zama masa sana'a ta biyu. Ko fitsari ya matse shi sai ya daure, ba ya tashi sai Aramaki ya tashi. Kullum labarin ɗaya ne: ƙofa, taku, famfo shiru, tsoho a guje a baya.

Shi kuwa kowa ya san shi da tsabta. A ban-ɗakin kasuwar ba a ajiye abin goge hannu, kowa da hankicinsa yake yawo, nasa kuma ya fita daban. Kowace safiya matarsa Fumie ke zura masa shi a aljihu, fari tas, a goge, a ninke. Yakan zaro shi gaban masu kifi ya nuna musu kaifin ninkin, ya ce mutuncin mutum a hankicinsa yake.

Jikarsa Koharu takan biyo ta kasuwar in an tashi makaranta. Ya ba ta dunƙulen shinkafa da hannunsa, ta cinye, ta faki idonsa ta tsallaka ta sayi kazar da ya hana ta. Ranar Laraba amai da gudawa suka kwantar da ita, kafin wayewar gari tana asibiti ana ƙara mata ruwa, idanu sun faɗa. Likita ya ce irin cutar da hannu marar wanki ke sa wa abinci ce. Ba ita kaɗai ba, akwai wasu da suka ci a kasuwar.

Ƙungiyar 'yan kasuwa ta kira taro. Shugabanta Iwabuchi ya faɗa ba ɓoye-ɓoye: rumfar da aka samu da laifi za a rufe ta.

Kuwabara bai jira an ba shi dama ba. Ya miƙe ya nuna yaron da yatsa.

"Ga shi nan! Ni na gan shi, ba gaya mini aka yi ba. Ya fito daga ban-ɗaki ko kallon famfo ba ya yi. Jikata na kwance ba ta san inda kanta yake ba, wannan alade yana zaune yana mana murmushi!"

Murmushin ya gudu daga fuskar Aramaki.

"Baba, famfon da ko sabulu babu, ruwan kamar ƙanƙara? Ina da wurin wanke hannu bayan labule, da ruwan zafi da sabulu. Ku tashi mu je yanzu. Ni dai na ga kana bina, na ɗauka ciwon tsufa ne ya sa cikinmu ke murɗawa tare."

Wasu suka kwashe da dariya. Iwabuchi ya je ya duba, ya dawo ya ce haka ne, har da burushin farce a rataye. Aka ɗage taron, masu bincike za su zo su ɗebi abincin kowa.

Kuwabara ya isa asibiti yana huci. Fumie na zaune a bakin gadon yarinyar, tana riƙe da ɗan hannun da aka soka wa allura.

"Sun haɗa baki," ya ce. "Labule! To in ba shi ba, wane la'ananne ne ya yi wa yarinyar nan haka? Wallahi in na kama shi sai ya bar garin nan."

Gumi ya keto masa. Ya zaro hankici zai share, Fumie ta riƙe masa hannu. Ta karɓa, ta juya shi gaba da baya, ta daɗe tana kallonsa, sannan idonta ya ciko.

"Ni da nake ta murna na huta da wanki, Maigida," ta ce. "Tun da yaron nan ya buɗe rumfa, yadda na sa maka hankicin nan da safe haka yake dawowa, a bushe, ko ninkinsa bai taɓa motsawa ba."