MaZwane Ta Zo Tafiya da Mijinta

Ƙofar kamfanin a wangale take, abin da MaZwane ba ta taɓa gani ba tun tana amarya. Ta tsaya tana haki, bargo a kafaɗa, reshen magaryar kura a hannu. Ƙaya ta tsage mata yatsa, ko ta kansa ba ta bi ba.

Can ciki wani abu ya faɗi, tim! Ta ji shi har cikin haƙoranta.

Da can, duk wani kan jirgin ƙasa da ke jan kwal zuwa birnin Durban ta wannan ƙofa ya fito. Sai aka fara sayo su daga ƙetare, ana sauke su daga jirgin ruwa fenti na walƙiya. Tanderu ya mutu, jiniyar safe ta yi shiru, mazan da suka narka ƙarfe suka koma karta a bakin shaguna. Yanzu kuma an sayar da wurin ga 'yan gwangwan, su yanka komai su loda zuwa ƙasar da ke ƙera sababbin. Ga ɗaya daga cikin baƙin kawunan jirgin nan tsaye a kan layi yana gurnani, taragai jere a bayansa baki buɗe. Abin takaici, wallahi.

Wani mai hular kwano ya tare ta.

"Mama, ina zuwa? An hana shiga."

"Mijina na ciki."

"Babu kowa, Mama. Mun bi lungu-lungu, ko ɓeraye sun kwashe kayansu."

"Kai ɗan jiya, rufe min baki. Sakhile na nan tun ba a yaye ka ba."

Gaskiyarta ce. Ranar da aka sallami ma'aikata kowa ya ɗauki kwanon abincinsa ya fita, ban da Sakhile. Yana nan gindin bishiyar da ke bayan tanderu. Duk Lahadi, in an taso daga coci, takan je ta zauna kusa da shi, ta kai masa garin taba da giyar dawa a ƙoƙo, ta ba shi labarin wanda ya yi aure da wanda ya bar gari. Ba ta taɓa cewa sai ya koma gida ba, don abokan aikinsa sun ce nan ya fi dacewa da shi. Da aka sayar da wurin, ƙungiyar ma'aikata ta yi alkawarin turo mota ta ɗauke shi. Motar nan har yau shiru kake ji.

Baba Mtshali ne ya ƙaraso yana ɗingishi. Tare suka yi aiki da Sakhile, yanzu shi ke nuna wa 'yan gwangwan hanya. Yana ganin reshen da ke hannunta ya cire hularsa.

"Ka gaya musu?" ta tambaye shi.

"Na gaya wa na ofis, 'yar'uwa. Dariya ya yi, wai zancen tsofaffi ne."

"To tara min maza mu fito da shi."

"Haba, kin san mutumin naki. Ko a ƙuruciyarmu mu goma ba mu motsa shi ba." Ya so ya yi murmushi, bakinsa ya ƙi. Ya dubi gefen tanderu, ya ce a hankali, "Da safe suka koma wancan ɓangaren."

Ta bangaje mai hular kwano ta shige.

Ba ta gane wurin ba. Rumfunan duk an fige su, sai ginshiƙai tsirara. A tsakiyar fili injin ɗaga kaya ke tafiya a hankali, mayen ƙarfe na reto a bakinsa, faɗinsa ya kai rufin ɗaki. Duk inda ya sunkuya, ƙusa da sarƙa da tayar jirgi su yi tsalle su manne masa, ya kai su tarago ya zazzage. Ba ya zaɓe, ba ya tambaya. Kuma bishiyar ya nufa, inda aka jibge tsofaffin ƙarafan layi.

Ta ruga, tsohuwa da ita, tana ɗaga hannu tana ihu. Direban injin na can sama cikin gilashi, kunnuwansa toshe. Inuwar abin ta rufe bishiyar. Fil ɗin bargonta ya miƙe yana janta gaba kamar yaro mai rigima.

Nan ta san ba za ta kai ba. Ta durƙusa, ta miƙa reshen, wanda a al'adarsu da shi ake kiran ruhu a kai shi gida.

"Sakhile! Baban yara, ni ce. Taso mu tafi gida. Biyo ni, kar ka bi su."

Mayen ya sauko. Ƙarafan layi suka tashi, ƙara-rau! Sai ƙasa ta motsa. Ƙoƙon giyar Lahadi ya tuntsure, ciyawa ta dare gida biyu, wani baƙin abu mai girman akwatin gawa ya tumɓuko daga ƙasa, jar ƙasa na zuba a jikinsa. Direban ya ji nauyin, ya ɗaga babban yatsa yana murna. Baƙon kan jirgin ya busa ƙaho.

Baba Mtshali ya iso, ya danne hularsa a ƙirji, hawaye na bin gemunsa.

Ranar da Sakhile ya zame ya faɗa tukunyar narkakken ƙarfe, ba a samu ko maɓallin rigarsa ba. Sai maƙeran suka yi masa abin da suke yi wa nasu: suka zuba ƙarfen dunƙule guda, fasto ya yi addu'a, aka binne shi gindin bishiya, kuma shi ne MaZwane ke kallo yanzu yana lilo a sama, an nufi tarago da shi.