Ƙeyar Jika

Akwai wata tsohuwa mai saƙar faifai a wani ƙauye da wutar lantarki ba ta kai ba tukuna. Ɗanta namiji guda ne, ya tafi ci-rani wata ƙasa ta bayan teku, tafiyar ta miƙe har ta zama zama. Can ya yi aure, can aka yi masa haihuwa, ya sa wa yaron sunan mahaifinsa marigayi. Muryarsu tana samu in ta hau tudun bayan gari inda waya ke kamawa. Amma ɗan ya taɓa ce mata yaron da mai sunansa kamar an tsaga kara, tun daga ranar kuwa maganar ta zauna mata a ƙirji. Mijin nata ya rasu bai bar ko hoto ba. So take ta ga fuskar nan sau ɗaya, ko a jikin jariri ne. Ba ta gaya wa kowa ba sai Ubangijinta, a cikin sujada.

To su 'yan ci-ranin sun haɗa hannu sun sayi wani tabarau mai kauri da ake ɗaurawa a kai, wanda in ka sa shi sai ka ga kamar kana tsaye a ɗakin da aka ɗauki hoto mai motsi da ke cikinsa, ka waiga dama ka ga bango, ka waiga hagu ka ga ƙofa. Kowa ya ɗauki iyalinsa a ciki. Duk wanda zai zo gida shi ke ɗauko shi, ya bi gari gari yana nuna wa iyaye. Wannan karon wani magidanci ne, abokin ɗan nata, ya iso bayan la'asar, ƙura har gwiwa, kuma dole ya koma bakin titi kafin motar ƙarshe ta wuce. Mai cajin waya na ƙauyen kuwa sai ranar kasuwa yake tada janareta.

Ya durƙusa ya gaishe ta, ya ɗaura mata abin bisa kallabi. Ya ce, "Inna, gidanku ne na ƙarshe, cajin ya yi ƙasa. Na rage hasken don ya kai mu ƙarshen hoton. Ki ɗan daure, ido zai saba."

Ta ga ɗaki dishi-dishi kamar almuru, da inuwar mutum zaune, da wani ɗan dunƙule a gabansa. Ita da kullum take shigowa daga rana ta tsaya a bakin ƙofa har duhun ɗaki ya washe mata, ta san ido yana sabawa. Amma zuciyar da ta daɗe tana jira ba ta jin wannan karatu. Ta ce, "Ɗan nan, magariba ka kawo mini? Ƙara." Ya ƙara kaɗan, ya ce mata hasken shi ke shan cajin. Ta ce, "Oh ni! A ƙasar taku har haske ma awonsa ake yi? Ƙara mini, don Allah." Ba a musu da uwar aboki, balle ta haɗa da Allah. Ya kai shi maƙura.

Ɗaki ya haske kamar tsakar rana. Ta ga ɗanta ɓaro-ɓaro, har da furfurar da ta fara tsiro masa a gemu ba da saninta ba. Ta ga labule mai furanni. Ta ga faifan da ta saƙa masa da hannunta an rufe kwano da shi, bakinsa ya fara zarewa. Ga yaron nan zaune a kan darduma ya ba ta baya, yana buga cokali a murfin tukunya, ƙeyarsa da 'yan ninki biyu na ƙiba. Ta miƙa hannu, hannun ya kama iska. Ta ji ɗanta yana cewa, "Juyo ka gaida Inna. Juyo mana." Yaron ya saki cokalin. Kafaɗa ta karkato, kunne ya bayyana, gefen kumatu ya fara leƙowa. Sai komai ya ɗauke.

Ta daɗe zaune da abin a kanta, tana jira a cikin duhu ko zai dawo. Da baƙon ya kwance mata, ya ce saura ƙiris ne, yaron yana juyowa ya yi dariya, ya rarrafo har gaban mai kallo. Ta ce ya faɗa mata yadda fuskar take. Ya ce kyakkyawa ce, tubarkalla, mai fara'a. Iyakar abin da zai iya faɗa ke nan, don bai taɓa ganin marigayin ba. Ta sa masa albarka, ta ƙulla masa kuka da daddawa ya kai wa ɗanta, ya kama hanya yana sauri.

Da maƙwabta suka shigo suna tambayar wa yaron ya ɗauko, ta jawo kabarta ta ci gaba da saƙa. Ta ce, "Ƙeyarsa dai mai kyau ce. Alhamdulillahi."

Ba kwaɗayi ne ya kai ta ba, kewa ce, Allah kuma Ya san zuciyar uwa. Amma da ta yarda da ɗan hasken da aka ba ta, da ya kai ta har inda take son zuwa. Shi ya sa magabata suka ce, garin neman gira a rasa ido.