Sauran Zuciyar Kaka

Barira Tanko ce ɗalibar farko daga Tsamiyar Dogo da aka ɗauka horon raya ƙwayoyin halitta, a hutun daminar 2071. Doka ce kowa ya kawo ƙwayar danginsa. Ta kakanta ta kawo, ta raya ta har ta zama naman zuciya.

Ranar da tsohon ya rasu, kawunta ya iso ɗakin binciken.

"Miƙo shi, Barira. Ba a binne mutum a bar saura."

"Kawu, in na bayar, sallamata za a yi."

Duk da haka ta miƙa kwanon gilashin da ta raya shi a ciki. Naman yana bugawa. Kawu ya janye hannunsa.

"Mai motsi ba a yi masa likkafani."

Gari ya samu kabari guda, Barira ta riƙe gurbinta, naman kuwa har yau yana bugawa.