Kitsen Wani Bawan Allah

Sau uku hantsakin yana suɓuce wa Mai Agogo kafin ya haƙura ya ture agogon gefe. Tun da wutar janareto ta lashe masa hannun dama, ciwon ya warke ya bar masa aiki: tabon ya taurare kamar tsohon takalmi, ya ja yatsu uku ya lanƙwashe su cikin tafi. Shekara ashirin da yatsun nan yake ci. Yanzu masu kawo gyara sun fara zarcewa shagon gaba.

Haushin duk a kan matarsa yake sauke shi. Randa yake ce mata, a gaban yara, a gaban baƙi. Shi siriri ne kamar allurar sakan, kuma ya ɗauki ramarsa wata daraja ce da aka keɓe shi da ita. In ta zauna kujera ta yi ƙara, sai ya ce a ji tausayin kafinta. Kullum safe ita ke sa masa maɓallan riga, shi kuwa yana kallon silin don kada idonsa ya faɗa kan wuyanta.

Ranar ganin likita a bencin waje ya bar ta, wai kada ta cika ofishin. Likitar ta yi masa bayani dalla-dalla: a cikin kitsen mutum akwai wasu ƙwayoyin halitta masu gyara nama. A zuƙo kitsen, a tace su, a yi allurarsu ƙarƙashin tabon, sau da yawa fatar kan saki. Ta tsunkuli cikinsa ta yi dariya.

"Malam, ai kai babu abin ɗiba. Amma muna wani gwaji da na masu bayarwa kyauta. Suna ne dai ba ma faɗa."

"To a samo mini na mutumin kirki, likita," in ji shi. "Ban da na ragwaye."

Tunda hannunsa ba ya riƙe biro, Randa aka kira ta cike takardu. Ta daɗe a ciki har ya ƙosa. Ko rubutu ma sai ta yi nauyin jiki.

Ana saura mako guda a yi masa allurar, ta ce za ta je wajen yayarta kwana huɗu. Ta tafi ta bar shi da maɓallai, bai kuwa yafe mata ba. Ta dawo da wata ɗamara ta roba a ƙarƙashin riga, tana tafiya a hankali, ko cokali ya faɗi sai ta kira yaro ya ɗauko. Ya yi dariya har da hawaye. A wannan shekarun za a fara neman ƙugu!

Wata biyu bayan allurar, tabon ya fara laushi. A na huɗu yatsun suka miƙe, hantsaki ya zauna daram. Mai Agogo ya shiga ba abokan hira labarin wanda ya ba shi kitse: lallai wani saurayi ne ɗan tsere, mai tsafta, mai jini a jika, don shi yana jin haka a jijiyarsa. Bai taɓa tambayar kansa inda ɗan tsere zai samo kitsen bayarwa ba.

Ranar da ya sa maɓallansa da kansa tun daga wuya har ƙasa, ya dubi madubi ya ga amfanin Randa ya ƙare. Ya zauna ya zana takardar saki da rubutu mai kyau, shi ne abu na farko da sabon hannun ya rubuta. Ya ninke ta ya ajiye mata ƙarƙashin kofin shayi, ya kama hanyar asibiti don dubawar ƙarshe, yana fito.

Sabuwar nas ya tarar, wadda ba a riga an gaya mata abin da ba a faɗa ba. Ta buɗe fayil ɗinsa ta karanta, ta juya hannun, ta ga ɗigon tawada a yatsansa, ta washe baki.

"Har rubutu ake yi? Masha Allah! Gaskiya, Malam, kitsen matarka ya karɓe ka."