Matakin Ƙafa na Baya

Da telar maƙwabcin shago ta leƙo, ta tarar mai walda ya gama shirya babur ɗinsa na doguwar tafiya, har da ƙarin tankin mai. Ta zaci tafiya zai yi ya bar ta. Sai dai kujerar baya, wadda matafiya kan cire su ɗaure kaya, tana nan da sabon soso, matakin ƙafar kuma an ɗaga shi sama.

"Wace gajeriya za ka ɗauka?" ta tambaya tana murguɗa baki.

Ya sunkuyar da kai. "Da ido na auna ki. Jibi kawuna zai je wajen Abbanki."

Ta ɗora ƙafa a kan matakin, sannan ta zare tef ɗin awo daga wuyanta.

"Idonka bai iya awo ba. Ungo, gyara kafin jibin."