Shafin da Ta Yage

Malamar aji ɗaya ta ɗaga yagaggen shafin sama cikin fushi. Tun da aka fara karatun kyauta yara suka cika azuzuwan Jos, amma wannan ne kaɗai littafin hotuna a makarantar. Labarin ɓarayin teku ne. Mako guda ta yi tana ɗinka wa yara baƙaƙen ƙyallayen rufe ido ɗaya, irin na shugaban ɓarayin, don wasan kwaikwayo. Sai ga wata 'yar shekara bakwai ta yage hoton shugaban daga littafin, ta tattake.

"Kada ki dawo ajina sai da babanki," in ji malamar.

Washegari ana tsakiyar wasan, mahaifin ya tsaya a ƙofa riƙe da hannun 'yarsa. Baƙin ƙyalle ne ɗaure a idonsa na hagu.

"Malama, ga ni," ya ce. "Shekara ashirin ina haƙar kuza, nakiya ta tafi da idon nan. Ko allurar wani ban taɓa ɗauka ba. Amma tun da kika fara wannan darasi, ba na wucewa ta layinmu sai yara sun biyo ni suna ihun ɓarawo, ita kuma tana kallo."

Malamar ta dubi ƙyallayen da ta ɗinka, ɗaure a idanun yaran.

"Kina jira in ba da haƙuri," ya ce. "Da ta gaya mini za ta yaga, da ni zan riƙe mata littafin."